Zomon Thurman a Tagar Geneva

Burgaw, 9 ga Fabrairu

Yaya Nadine,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Yaya Clyde da jikoki. Yaya gwiwar taki, yaya kuma ruwan saman nan na Portland da ba ya gajiya? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Da kunnenki yana jin waya da tun jiya na kira ki, don abin da ke cina ba ya son jira. To, ga biro ga takarda.

Jiya aka yi taron ƙungiyar masu shuke-shuken cin ƙwari, a ɗakin baya na coci kamar kullum. Kin san ba don sha'awa nake zuwa ba. Kujerar Thurman nake riƙewa, shekara biyu ke nan da rasuwarsa kuma ba wanda ya ce in daina. Ina zaune da gahawata sai ga Geneva Rivenbark ta shigo rungume da kwali kamar mai ɗauke da jariri. Kin tuna ta, doguwar nan da ta koyar da kimiyya a sakandare, wadda ta kawo kek ɗin ayaba ranar jana'iza, ta kuma fi ni kuka. Tana buɗe kwalin mutane suka yi caa a kai. Yaya, zomon Thurman ne, ya yi fure.

Bari in tuna miki, don na san ke duk laka ɗaya ce a idonki. Wannan shuka da suke kira Utricularia ba ta da abin kallo a sama, 'yan ganyaye ne kwance a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Duk aikinta a ƙarƙashi yake, 'yan jakunkuna kamar kan allura masu zuƙe ƙananan halittun cikin laka. Iri-iri ce, kuma irina ba ya sanin wace ce wace sai ta yi fure. Ta Thurman furenta kamar fuskar zomo mai fushi, kunnuwa biyu a tsaye, fari da ɗan shuɗi-shuɗi. Shekara ashirin da shida yana renon zomon nan a tagar kicin, tun daga cokali ɗaya na laka da wani tsohon malaminsa ya ba shi.

Tukunyar tana nan inda ya bar ta. Ruwan saman da nake tarawa a duro nake ba ta kamar yadda ya koya min, ban taɓa barin farantin ƙarƙashinta ya bushe ba, ko Kirsimeti na ƙi zuwa wurin yara saboda ita. Shekara biyu ko fure ɗaya babu. Sai wasu 'yan sirara masu kai kamar ƙwayar yashi, su fito su ƙi buɗewa. Na Geneva kuwa na tsaya na ƙirga da idona, talatin da ɗaya.

Amma ba furen ya fi ƙona min rai ba. Ɗan allon robar nan ne da suke cakawa a ƙasa. Rubutunsa ne, da fensir, shi da yake cewa tawada ba ta jure rana. Ya rubuta: "T.G. ga Geneva, 14 ga Oktoba." Yaya, makon da likita ya faɗa mana gaskiya ke nan. A makon nan ko matakalar baranda ba ya hawa sai ya huta. Na tuna ranar sarai, ya ce min zai je kantin magani. Ashe mil goma sha ɗaya ya tuƙa mota da cokalin laka zuwa gidan wata, ya dawo ya ci abincina bai ce uffan ba.

Na san abin da za ki ce. Al'adarsu ce, kowa na ba kowa cokali, ke ma ai ya cusa miki kofin laka a jaka lokacin da kika zo bikin 'yarmu. To ke Yayata ce, kuma a gabana aka yi, kuma na tabbata tun a filin jirgi kika jefar. Wannan a ɓoye aka yi.

Mutane na ta tafa mata. Ni ma na tafa, na washe baki, na ce kai ya yi kyau. Kishi nake, Yaya, ina da shekara sittin da takwas, a kan mutumin da ke kabari. Ki yi dariyarki, amma kada ki gaya wa Yaya Clyde.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Opal


Burgaw, 3 ga Maris

Yaya Nadine,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ina fata tarin Yaya Clyde ya yi sauƙi. Takardarki ta iso, faɗan ma ya iso. Wai in ji kunya. Na ji, ba ta rage komai ba.

Ranar Alhamis Geneva ta zo gidana, ba sanarwa, da tukunyar wake da burodin masara. Mun ɗan taɓa hira, sai na ga idonta na ta komawa taga. Can ta miƙe ta ciro gilashin ƙara girman nan da take ratayawa a wuya, irin na Thurman sak, ta sunkuya a kan tukunyata. Ta daɗe, har waken ya huce. Ni kuwa ina tsaye ina goge kofin da na riga na goge.

Da ta ɗago sai ta ce, a hankali kamar mai yi wa ɗalibi gyara: "Opal, ganyen nan ya yi siriri da yawa. Na zomo ya fi haka faɗi. Ki bari in ɗebo miki cokali ɗaya daga nawa."

Daga nata! A kicin ɗina, a gaban tagar mijina. Na ce mata na gode, na mijina nake da shi, ba na buƙatar na kowa. Sai ta mayar da gilashin cikin riga.

Kin san ban taɓa zargin Thurman da abin banza ba. Shekara arba'in da ɗaya, mutumin nan ko kallon wata bai iya ba. Amma a taron ƙungiya su biyun sukan haɗa kai a kan tukunya ɗaya, suna ta jero sunaye da Latin, ni ina gefe riƙe da rigar sanyinsa. Akwai wata dariya da yake yi a irin wannan hira, wata 'yar ƙaramar dariya ta hanci, ni ban taɓa iya fito da ita daga bakinsa ba. Na dafa masa, na haifa masa uku, na yi jinyarsa wata biyar. Dariyar nan dai tata ce.

To ga abin da ya kawo ta. Za a yi mata aikin ƙugu a Wilmington, daga nan za ta zauna wurin 'yarta mako uku ko huɗu. So take in riƙa ba shuke-shukenta ruwa kafin ta dawo. Wai duk unguwarsu ba wanda ya san bambancin ruwan duro da na famfo, maƙwabciyarta ta taɓa kashe mata shuke-shuke tire guda cikin hutu ɗaya. Wai ni ce kaɗai hannun da ta yarda da shi, tunda a wurin Thurman na koya. Ta ajiye min mabuɗi a kan tebur.

Na karɓa. Na ce ai ba komai, mene ne amfanin zaman tare. Tsakani da Allah ba don taimako na karɓa ba, so nake in ga inda ta ajiye zomon.

Ki shafa min kan jikoki.

Taki,
Opal


Burgaw, 29 ga Maris

Yaya Nadine,

Ina gaishe ki, ina fata kuna lafiya. Ni jikina lafiya. Wannan takardar idan kin karanta ki ƙona ta.

Gidan Geneva tsaf yake, kamar ba a zama a ciki. Tukwanenta sun fi arba'in, duk a barandar gilashi ta baya, jere cikin tire, kowace da allonta. Zomon ne kaɗai ba ya cikinsu. Shi yana tagar kicin, shi kaɗai, a cikin farantin tangaran mai bakin zinariya, ga kujera a gabansa da tabarau a kan hannunta. Daidai yadda nawa yake a gidana, har ɓangaren da taga ke kallo.

Makon farko na yi aikina da gaskiya. Kwana biyu-biyu nake zuwa, in ɗebo ruwa a duronta, in cika tire, in kulle. Amma kullum sai in baro tawa tukunyar ba ko fure, in zo in tarar da nata ya ƙara. Suna tsaye da kunnuwansu suna kallona. Har rantsuwa na yi zan daina shiga kicin ɗin, to ruwa kuma dole a ba shi.

Ranar Talata ta mako na biyu na buɗe ƙarƙashin wurin wanke-wanke ina neman tsumma, sai ga kwalin takin tumatir, shuɗin garin nan. Yaya, ba zan ce miki ban sani ba. Doka ta farko da Thurman ya koya min ke nan tun muna da ƙuruciya: ba ruwan famfo, ba taki, taki guba ne a wurinsu. Na dama cokali biyu a ruwan famfo, na zuba a farantin, na zuba a kan ƙasar. Da rana tsaka ne, har mai kawo wasiƙa ya wuce ya ɗaga min hannu ta taga, na ɗaga masa. Ranar Alhamis na sake, ranar Asabar na sake.

Furannin suka fara sunkuyawa. Cikin kwana tara ganyen ya koma ruwan ƙasa, ya narke ya bi laka. Jiya na duba, ba abin da ya rage sai allon a tsaye.

Kin ce kullum in riƙa faɗin gaskiya ko da ba daɗi, to ga ta. Na ji daɗi. Duk hanyar dawowa ina ce wa kaina yanzu ni kaɗai ke da shi, kamar yadda ya kamata tun farko. Daɗin ya kai ni har ƙofar gida, daga nan ya gudu. Ranar Lahadi aka ɗauko waƙar da Thurman ke so, bakina ya ƙi buɗuwa, matar fasto har ta tambaye ni ko mura ce.

Sauran tukwanenta ban taɓa ko ɗaya ba, suna nan lafiya. Ina faɗa ne kawai, na san ba zai wanke ni ba.

Abu ɗaya ke ɗan riƙe ni. Tunda aka fara ɗumi, biyu daga cikin sirarran nan na tukunyata sun kumbura, kansu ya fi na da girma. Wannan karon da alama za su buɗe. Idan ya yi fure zan ɗebar mata cokali ɗaya, in ce ga shi, daga nawa. Sai mu zama daidai.

Ki sa ni a addu'a, ko da ranki ya ɓaci.

Ƙanwarki,
Opal


Burgaw, 16 ga Afrilu

Yaya Nadine,

Gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Ban ji daga gare ki ba, kuma ban ga laifinki ba.

Furen tukunyata ya buɗe ranar Litinin da safe. Rawaya ne.

Na san shi tun kafin in sa tabarau. Shi ne wanda Thurman ke kira ɗan kutse. Danginsu ɗaya da zomo, amma shi ciyawa ce kawai, irin da ke fitowa a bakin kwalbatin hanyar coci. Irinsa kamar ƙura yake, ya faɗa tukunya ya cinye ta. Duk Asabar Thurman kan zauna da ɗan hantsaki yana tsince shi yana yi masa tsiya, ni kuwa na ɗauka neman abin yi ne irin na mai ritaya. Ban taɓa tambayarsa me yake cirewa ba. 'Yan kawunan nan da na yi shekara biyu ina jiran su buɗe, ashe iri suke zubarwa a rufe.

Na shimfiɗa jarida a tebur, na juye tukunyar, na bi ta da cokali mai yatsu da gilashinsa, ɗan guntu bayan ɗan guntu. Ko ganye ɗaya mai faɗi babu. Allah kaɗai ya san tun yaushe zomon ya mutu. Shekara biyu ina yi wa ciyawar kwalbati barka da asuba. Abin da Geneva ta gani ke nan ranar da ta kawo wake.

Ranar Laraba sai ga ta. 'Yarta ta kawo ta ta jira a mota. Da sandar nan mai ƙafa huɗu ta hau matakala, ta ƙi in kama ta. Ta rame. Ta zauna a kujerar Thurman don ita ce kusa, ta buɗe jaka ta ciro allon, ta ajiye min a tebur. Ta wanke shi. A can ƙasa, ɓangaren da ke binne cikin laka, akwai sauran rubutu da fensir, kalma biyu: "Ajiyar Opal."

Ta ce ranar da ya kawo mata, a mota ya zauna, ya kasa fitowa, ita ta je ta karɓa ta taga. Ya ce mata ya san ɗan kutse zai ci tukunyar kicin idan ba shi, don idona bai saba da ganyen ba. Ta riƙe wannan, duk ranar da nawa ya yi rawaya ta kawo min. Ya kuma roƙe ta kada ta faɗa min, wai ya san halina, zan ce bai yarda da hannuna ba. Shi ya sa ta ware shi a tagar kicin, nesa da sauran, kada iri ya faɗa masa. Taron Fabrairu ma don ni ta kai shi, ko zan gani in ce ina so.

Sai ta ce: "Ki yafe min, Opal. Amana ya ba ni, ta mutu a hannuna. Wataƙila tagar ce ta yi zafi."

Yaya, matar nan shekara talatin tana wannan reno. Farantin da na bari ya yi ɓawon shuɗi a gefe, ko yaro zai gani. Ta kalle ni, na kalli allon. Na tashi na zuba mata shayi mai ƙanƙara, na tambaye ta yaya ƙugun. Abin da na iya ke nan.

Mil goma sha ɗayan nan da na yi wata biyu ina ƙullace da su, ashe saboda ni ya tuƙa su. Na kashe abin da hannuna, sau uku na koma.

Tambaya ɗaya zan yi miki, kuma na san amsar. Kofin lakar nan da ya cusa miki a jaka shekara bakwai da suka wuce. Ke da ko ganyen da ake cewa ba ya mutuwa sai da ya mutu a hannunki. Kin jefar, ko? Ki faɗa min kawai in daina tunani.

Ƙanwarki,
Opal


Burgaw, 2 ga Mayu

Yaya Nadine,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Yaya Clyde, Allah ya ƙara masa sauƙi. Takardarki ta zo, da hoton.

Tukunya shida! Taga guda cike da kunnuwa, har da na cikin kwanon man shanu. Wai Thurman ya ce ruwan sama kawai, ke kuma ruwan sama ne ba ku rasa ba, sai kika ajiye bokiti a baranda kika manta da zancen. Ko sunan abin ba ki sani ba, "furen Thurman" kike ce masa, kina ta raba wa matan cocinku. Shekara bakwai kina karanta takarduna ba ki taɓa cewa komai ba, wai kin ɗauka kowa nasa haka yake, daga baya kuma kin ga raina a ɓace kin ji tsoron ƙara min. Na zauna na yi kuka, na yi dariya, sannan na ji abin nan ya sake tasowa a ƙirjina. Ke ma ina kishinki, Yaya. Gara in faɗa da bakina tun yana ƙarami.

Kin ce ba za ki aiko komai ba sai na je wurin Geneva. Na je jiya. A bakin ƙofa na faɗa mata, duka, har da sau ukun. Ta jingina da sandarta ta saurara har na gama. Ta ce ta san taki idan ta gan shi, jira take ta ga ko zan faɗa. Ta ce ba shukar ce ta fi yi mata ciwo ba, mabuɗin da ta ba ni ne. Ba ta ce in shigo ba. Na ba ta mabuɗinta, ta karɓa, ta rufe ƙofa a hankali. Ban ga laifinta ba.

Ɗan kutse na zuba shi a wata tukunya. Na ɗauko shi zan kai bola, hannuna ya ƙi. Shekara biyu muna gaisawa. Yana baranda yanzu, nesa da taga.

To ga yadda za ki yi. Ki ɗebi cokali ɗaya daga tukunyar da ta fi cika, ki zurfafa ki haɗo da lakar ƙasa, don can rayuwarsa take. Ki naɗe a jiƙaƙƙiyar takarda, ki sa a leda, ki sa a ƙaramin kwali, ki aika ranar Litinin kada ya kwana biyu a gidan waya. Ki yanko ɗan allo daga robar madara, ki rubuta da fensir, ba biro ba: "T.G. ga Geneva."

Adireshinta na bayan wannan takarda. Can za ki aika, ba nan ba. Ni kada ki aiko min, ko na roƙe ki a takarda ta gaba, kuma na san zan roƙa. Na wanke tukunyar Thurman, na zuba sabuwar ƙasa, na mayar da ita taga ba komai a ciki. Geneva ta taɓa miƙo min cokali na ce ba na buƙatar na kowa. Idan ya kama a wurinta, ta kuma ga dama wata rana ta sake miƙowa, daga hannunta zan karɓa.

Ki gaida kowa. Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki mai jira,
Opal